Gunki da Lambar Saje

Duk wanda ya taɓa kallon bikin ba da lambobin yabo na ƙasa a talabijin ya san hannuwan mijina, ko da bai san shi ba. Idan aka kira sunan wani babban soja ko wani farfesa, ya taso yana gyara riga, za ka ga hannuwa biyu cikin farar safa sun shigo ta gefen hoton, riƙe da tiren azurfa, lambar tana kwance a kai. Shugaban ƙasa ya ɗauka ya maƙala wa mai rabo a ƙirji, a tafa, hannuwan su janye. To waɗannan hannuwan nake aure. Shekara talatin da ɗoriya masu ɗaukar hoto suna yanke masa kai daga wuya, sai ka ce ya yi musu wani laifi.

Gidanmu gidan haya ne, ɗakuna a jere, famfo ɗaya a tsakar gida. Da yake mu muka riga kowa sayen talabijin, ranar bikin ɗakina ke cika. Nakan tura keken ɗinkina jikin bango, matan gidan su zauna a ƙasa, mazan su tsaya a bakin ƙofa suna leƙe. Da hannuwan sun bayyana sai ɗakin ya ɗauka: "Ga Gunki! Ga Gunki!" Maƙwabciyata mai sayar da gawayi takan zungure ni ta ce, "Matar Gunki, yau ma dai ba mu ga kai ba. Anya naki ne kuwa?" In ce mata ni na wanke safar nan, in ta ga dama ta je ta shinshina.

Sunan Gunki aikin ne ya jawo masa. Mai ɗaukar tire ba ya murmushi, ba ya tari, ba ya kallon kowa. Idonsa na kan bango, tire na daidai ƙirji amma ba ya taɓa jiki, kuma lambar da ke kai ba ta motsi ko kaɗan. Abokan aikinsa sun ce wata shekara wani tsohon masani ya yanke jiki ya faɗi a gabansa don zafi, aka yi ta guje-guje da ruwa da mafici, mijina ko ƙifta ido bai yi ba. Wannan duk da sauƙi da a can yake barin fuskar. Ina! Har gida yake zuwa da ita. Ranar da aka gaya masa na haifi 'yarmu ta fari, cewa ya yi "Madalla," kamar an ce masa an kawo wuta. Na daɗe ban huce ba.

Kullum da safe yakan cika kofuna da ruwa har baki, ya jera a tirena na shayi, ya ratsa tsakar gida da su, ta ƙarƙashin igiyar shanya, ta tsakanin kajin mai gawayi, ya kai bango ya juyo. Ɗigo ɗaya ba ya zuba. Ni kuma nawa aikin shi ne farar rigar bikin: in wanke, in goge, in zauna da tsumma in murza maɓallan tagullan nan har sai na ga fuskata a ciki.

Abu ɗaya ne ke kwance masa baki, shi ne labarin Saje.

Mijina ya yi soja yana saurayi, kafin in san shi. A lokacin, in ji shi, babu matsoraci kamarsa a barikin. Da an jera su a filin fareti jikinsa ke ɗaukar rawa, har ƙarfen igiyar bindigarsa ya riƙa bugun maɓallin rigarsa. Sajen da ke horar da su, wani murɗaɗɗen mutum mai muryar da ake ji daga bakin titi, shi ya sa masa suna Mazari. Amma bai kore shi ba. Sai ya zo ya tsaya a bayansa ya ce, "Mazari, tsoro ba ya fita, wuri ake ba shi. Tura shi cikin takalmi. Kafa babban yatsanka a ƙasa, ka danne shi a can." Daga ranar, da Saje ya ji ƙarar ƙarfe a cikin layi sai ya daka tsawa, "Kafa yatsa!" shi kuma ya amsa, "Na kafa, Saje!"

Daga baya aka tura su wani faɗa a bakin iyaka. Wata rana aka rutsa da su a gaɓar wani kogi, harsashi ya shige mijina a gefen ciki, ya faɗi cikin laka. An ba da umarni kowa ya janye, kowa kuwa ya janye, ban da Saje. Ya goya shi, ya ratsa ruwan da shi, ruwa har wuya, ya ajiye shi a tantin likita. Bai ko zauna ba ya koma ya ɗauko wani, ya sake komawa ya ɗauko wani. Kafin mijina ya farfaɗo an ɗauke rundunar zuwa wani wuri. Bai sake ganin Saje ba, Saje kuma bai san ko wanda ya goya ya rayu ba. Aka sallami mijina saboda raunin, ya sami aikin jera kujeru a babban zauren taro na gwamnati, har wani ya lura cewa ga mutumin da ya iya tsayuwa, aka miƙa masa tire.

Abin da ke cin sa a rai ke nan. Da hannunsa ya kai wa janar-janar lamba, ya kai wa likitoci da masu binciken taurari da na iri, kuma bai taɓa cewa wani bai cancanta ba. Cewa yake yi kawai akwai sunan da ba a kira ba. A cikin zaure ba shi da baki, amma akwai wani dogon lungu a bayan dandamali inda masu karɓar lamba ke jira, a can yake fanshewa. Yana kakkaɓe wa janar kafaɗa yana ba shi labarin kogi. Yana gyara wa farfesa wuyan riga yana ba shi labarin kogi. Su ce, "Allah sarki, za a duba," su wuce, ba a duba ba. A gida kuwa ni ce abin tausayi. Har na taɓa ce masa, "Malam, in ka sake ratsa kogin nan da ni yau, mura za ta kama ni."

Wata shekara cikin masu karɓa akwai wata farfesa, 'yar ƙaramar mace mai tabarau, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta a ɗakin bincike har ta gano maganin wata cuta da ke kashe awaki. Mijina ya same ta a lungun nan ta jingina da bango, gumi na keto mata, tana neman ƙofar fita.

"Ranki ya daɗe, lafiya?"

"Baba, ni da awaki na saba," in ji ta. "Ƙafafuna ba za su kai ni can ba. A aiko mini da ita gida."

"Ba a aikawa, ranki ya daɗe. Kafa babban yatsanki a cikin takalmi, ki danne tsoron a can. Ki bi farar safata da ido, kada ki dubi kowa."

Ta fita ta karɓi lambarta lafiya lau. Bayan an tashi ta neme shi har ɗakin ajiye kaya, ta tambaye shi wa ya koya masa. Kowa ya san abin da ya biyo baya: kogi. Amma ita ta zauna a kan akwatin kujeru da sabbin kayanta, ta saurara har ƙarshe, har da tambayoyi. Da ya dawo yake gaya mini na ce, "To, ka sami wadda ba ta tsoron mura."

Shekaru suka shuɗe, na manta da ita. Bara, ina tsakiyar ɗinkin kayan makaranta, sai ga mota a ƙofar gida, sai ga matar nan ta yi sallama, gashinta ya yi fari. Ashe an sa ta cikin kwamitin da ke zaɓen waɗanda za a karrama. Ta zauna a kujerar masu kawo ɗinki ta ce, "Baba, mun same shi. Yana da rai, yana wurin ɗansa a can nesa. Idonsa ya tafi, amma bakin yana nan, don sai da ya yi wa direbana faɗa a kan yadda yake tsayuwa. Mun sami wasu mutum biyu da ya goya, sun ba da shaida. Bana za a kira sunansa."

Mijina ya ce, "Madalla." Sai ya tashi ya shiga uwar ɗaka ya turo ƙofa, ya daɗe bai fito ba. Da ya fito ya roƙe ta abu ɗaya, kada a gaya wa Saje cewa yana nan. "In na gan shi kafin ranar, ranki ya daɗe, ba zan iya riƙe tiren ba."

Ita ba ta gane abin da yake nufi ba, ni na gane. Watanni kafin nan hannunsa na dama ya fara rawa. Ni na fara ji, a cokalin shayi. Sai na riƙa ganin ɗigon ruwa a ƙasa daga famfo zuwa bango, yana bi yana shafewa da ƙafa don kada in gani. Likita ya ce jijiya ce da shekaru, ya ba da ƙwayoyi, suka rage abin amma ba su kashe shi ba. Ni kaina haushi ya kama ni, ban san ma da wa nake fushi ba. Mutum ya tsaya kamar dutse saboda baƙin da ba su san sunansa ba, sai shekarar da za a kira nasa mutumin hannu zai ce ya gaji?

A gwajin farko asiri ya tonu. Sabon shugaban tsare-tsare, wanda ma'aikata ke kira Mai Agogo saboda ba ya magana sai ya dubi tsintsiyar hannunsa, ya ji lambobin gwaji suna kaɗawa a kan tire. Ya kira mijina gefe.

"Baba, ka yi aikinka, ba wanda ya kai ka. Amma in lamba ta faɗi ƙasa a gaban shugaban ƙasa, duniya na kallo, ni da kai duk mun tafi. Bana wani zai ɗauka."

Ya dawo gida ya zauna a bakin gado, ya ɗora hannun a kan gwiwa yana kallonsa. Ya ce, "Gaskiya ya faɗa." Na ce gaskiyarsa ta dame shi. Na sa shi ya auna mini faɗin tiren da zare, na fasa wata tsohuwar rigar karan-miski da nake ji da ita, na ɗinka shimfiɗa mai kauri, na cusa auduga, na yi ɗan gurbi a tsakiya inda lamba za ta kwanta. Sannan na ce, "Ka daina riƙe shi nesa da jiki kamar mai kai wa suruki ruwa. Jingina bakinsa da ƙirjinka, ƙirjin ai ba ya rawa."

"Ba haka ake riƙewa ba."

"Haka za a riƙe bana."

Washegari ya koma ya sami Mai Agogo. Bai nemi a mayar masa da aikinsa ba, lamba ɗaya tak ya roƙa, ta ƙarshe, ta Saje. Mai Agogo ya dubi agogo, ya dubi tsohon, ya ce a gwajin ƙarshe zai tsaya kusa da shi, in ya ji ko ƙyas, magana ta ƙare. Aka yi gwaji, mijina ya ratsa dandamalin da tire a jingine da ƙirji, ba a ji komai ba. Mai Agogo ya ce shi ke nan, amma daga wannan sai hutu. Abin da ni da mijina duk ba mu tuna ba shi ne, gwaji da kayan gida ake yi. Farar riga mai maɓallan tagulla sai ranar biki.

Ranar kuwa ɗakina ya cika har taga. Aka fara kira: wani janar da ya raba faɗa a ƙasar waje, wata likitar yara, wani da ya ƙera injin ban ruwa, matuƙin jirgin yaƙi. Kowanne wasu hannuwa ne ke kawo masa lamba. Mai gawayi ta ce, "Waɗannan ba namu ba ne." Na ce mata ta yi shiru.

Can sai mai sanarwa ya karanta labarin kogi. Ni da na haddace shi har ina gyara masa a zuciya, sai ga ni ina share ido da bakin mayafi. Aka fito da wani tsoho, ɗansa na riƙe da gwiwar hannunsa. Ya rame, kwat ɗin da ke jikinsa ta yi masa yawa, amma bayansa a miƙe yake kamar an sa masa katako. Ya tsaya a gaban shugaban ƙasa, kusa da makirufo, ya sara. Zauren ya yi tsit.

Sai hannuwan mijina suka shigo. Kafin ɗakin ya ce "Ga Gunki," na ji ƙarar: ƙyar-ƙyar-ƙyar-ƙyar. Bakin tiren azurfa ne ke bugun maɓallan da na kwana biyu ina murzawa. Makirufo ya ɗauka ya watsa wa ƙasa baki ɗaya. Ganin fuskar Saje ya sa rawar ta ninku, har ina ganin lambar ta fito daga gurbin da na ɗinka mata tana matsowa bakin tire. Na dafe kai na ce, "Wayyo, ni na kashe shi." A gefen hoton na hango Mai Agogo ya ɗaga ƙafa zai taho.

Tsohon ya karkata kai wajen ƙarar. Ya haɗe gira. Ya manta da shugaban ƙasa, ya manta da janar-janar da ke zaune a gaba, ya buɗe baki da muryar da ta sa talabijin ɗina ta yi kuwwa:

"Wane ne wannan yake mini kaɗe-kaɗe a fareti? Kafa yatsa!"

Mijina, wanda bai taɓa ko tari a zauren nan ba, ya buga ƙafa ya amsa da ƙarfi:

"Na kafa, Saje!"

Leɓen tsohon ya motsa sau biyu kafin magana ta fito.

"Mazari?"

"Ni ne, Saje."

"Kai ɗan nema! Ashe ka rayu?"

"Na rayu, Saje. Har da jikoki."

Saje ya fizge hannunsa daga na ɗansa, ya lalubo iska har ya taɓa tiren. Ya sa tafinsa ɗaya a ƙarƙashi ya tallabe, ɗayan kuma ya kama tsintsiyar hannun mijina ya riƙe gam. Ƙarar ta tsaya cak. Lambar na bakin tire, ba ta faɗi ba. Shugaban ƙasa ya jira su, sannan ya miƙa hannu ya ɗauka daga tiren da tsofaffi biyu ke riƙe da shi, ya maƙala wa Saje a ƙirji. Janar-janar suka fara miƙewa, masana suka bi, na hango Farfesa mai awaki a cikinsu ta cire tabarau tana tafi da shi a hannu.

Daga nan hoton ya fara hawa sama. Ya bar safar, ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya wuce wuyan rigar da na goge, ya tsaya a kan fuskar mijina. Ga furfurarsa, ga tabon aski da ya yi wa kansa da safe saboda hannun, ga hawaye shaɓe-shaɓe, baki kuma a buɗe yana dariya har ana ganin giɓinsa. Ɗakina ya kaure da ihu. Mai gawayi ta rungume ni har muka faɗa kan keken ɗinki, tana cewa, "Naki ne! Wallahi naki ne!" Ni kuwa kuka nake yi ina masifa, ina cewa ashe mutumin nan yana da wannan fuskar ya ɓoye mini ita duk shekarun nan. Ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Da la'asar motar Farfesa ta tsaya a ƙofar gida, ta sauke mijina da Saje, har lokacin Saje bai saki hannunsa ba. Mutanen layinmu suka yi dafifi. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na durƙusa na gaishe shi.

"Ke ce kika kwashi wannan?" in ji Saje. "Sannu, 'yata. Na san nauyinsa, na goya shi."

"Baba, kai kogi ɗaya ka ratsa da shi. Ni tun ina yarinya nake goyonsa, ba wanda ya kira ni zaure."

Ya yi dariya har ya ƙware, ya kama hannuna ya ɗora a kan lambar ya ce in taɓa, rabina ne.

Na dafa shayi na zuba a kofuna, na sunkuya zan ɗauka sai mijina ya riga ni. Ya ɗauki tirena, ya taho da shi ta ƙarƙashin igiyar shanya, ta tsakanin kajin mai gawayi, kofuna na bugun juna, shayi na zuba a kan farar safar da bai cire ba. Kowa ya zuba wa Saje ido. Saje ya karkata kai, ya haɗe gira, ya ja numfashi kamar zai daka tsawa. Sai ya sassauta, ya matsa gefe ya daddaɓa tabarma kusa da shi.

"Bar shi ya kaɗa, Mazari," in ji shi. "An tashi daga fareti. Zo ka zauna."